Motar gona a Ringim, mai ita a Kano: ina za a yi mata lamba?

Manomin Rani: Salamu alaikum. Mutum yana zaune a Dawakin Kudu, amma a-kori-kurarsa tana gona a Ringim. Lambar Kano zai yi ko ta Jigawa?

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam, Malam. Lambar kowace jiha tana aiki a duk Najeriya. Amma duk shekara ana sabunta lasin mota da takardar lafiyarta, kuma jihar da ta ba da lambar ita ke riƙe da bayananta. Tunda VIO, jami'an duba lafiyar motoci, kan nemi ganin motar, yi a Jigawa, inda take kwana. Je ofishin lasin na hukumar haraji da rasit ɗin saye, takardun kwastan idan 'yar Kwatano ce, da shaidarka ta ɗan ƙasa.

Bakanike: Alhaji, kafin nan goge jikin shasi da buroshin waya ka kwafi lambar shasin da kanka, harafi da lamba 17 ne. Ƙura da tsatsa kan sa a karanta 8 a matsayin B, sai takarda ta saɓa da mota, a tsare ka a hanya.

Hajiya Mai Shago: Inshorar bogi ta yi yawa a hannun 'yan kamasho. Danna *565*11# ka sa lambar motar, ta gaske za ta fito.