Tafiyar bishara ta kwana goma zuwa Maradi: waɗanda suka taɓa zuwa, ku ba ni shawara

Nas 'Yar Badawa:
Salamar Ubangiji ga kowa. Iyayena da yayyena, shawara nake nema daga wanda ya taɓa taka ƙafarsa can. Ikkilisiyarmu a nan Sabon Garin Kano za ta aika mutum tara zuwa wasu ƙauyuka na jihar Maradi a Nijar, kwana goma, bayan Kirsimeti. Faston can ne ya gayyace mu. An sa sunana ne saboda aikin jinya, ana so da safe a duba marasa lafiya, da yamma a koyar da yara. Kowa zai kawo naira 180,000 kafin ƙarshen wata. Abin da ke hannuna kuɗin haya ne da zai cika a Fabrairu, ni da mahaifiyata muke zaune, ita kuwa tun da ta ji an ambaci hanyar Jibiya ta rage cin abinci. Tambayata uku ce. Ba ni da fasfo, takardar tafiya ta ECOWAS za ta ishe ni? Sefa nawa zan riƙe na kaina? Sannan magungunan da aka tara mana kwali biyu, ana barin a ƙetare da su? Zuciyata na son tafiyar nan ƙwarai, amma ba na so in amsa wa kwamiti ranar Lahadi ido a rufe.

Maman Tagwaye:
'Yata, Allah ya yi miki albarka. Wanda ya kira ki shi zai biya kuɗin mota. Ki durƙusa ki yi addu'a, mu ma a Zumuntar Mata za mu sa ki a addu'ar Laraba.

Ɗan Nomansland:
Me ya kai ku Nijar? Ku tafi Tamale a Gana mana, akwai Hausawa a zango, kuma hankalinku kwance.

Malamin Lafiya:
Ƙanwata, fara da katin rigakafin cutar shawara, wanda ake cewa yalo kad. Allurar sai ta kwana goma a jiki kafin katin ya fara aiki, don haka kada ki bari sai satin tafiya. Akwai ofishin lafiya na matafiya a filin jirgin Malam Aminu Kano. Tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai, in kin taɓa yi ki nemo tsohon katinki. Ni naira 2,000 na biya a 2019. Kuma tunda lokacin hunturu za ku je, ki yi ta sanƙarau, daga Disamba zuwa zafin bazara ne lokacinsa a yankin nan namu duka.

Ɗan Nomansland:
2,000 ina? Ƙanina ya yi bana, abin da ya kashe ya ninka haka sau da yawa.

Malamin Lafiya:
Na ce 2019. In kuma ta hannun ɗan kamasho ya bi, kuɗin ɗan kamasho ya biya. Wasu ma katin kawai suke saye ba allura, wannan cutar kai ce.

Tsohon Ɗan Mawaƙa:
Ƙanwata, ki yi haƙuri zan yi dogon bayani, abin ya daɗe yana cina.

Na je irin wannan tafiya a 2019, mu goma sha biyu, wani ƙauye gaba da Maradi. Ba zan faɗi sunan ikkilisiya ko na shugaban tafiya ba. Mai bisharar da ya karɓe mu yana da mata da yara biyar. Suka kwashe kayansu suka bar mana ɗakuna biyu, su suka koma rumfar kara a cikin wannan sanyi. Jakar kuɗi tana hannun mutum ɗaya, babu wanda ya ga lissafi. A rana ta huɗu aka ce kuɗin abinci ya ƙare, wai an ci mu a canji a bakin iyaka, sauran kuma ya tafi a shingayen hanya.

Mai bisharar nan bai ce uffan ba, ya buɗe rumbunsa. Tun kafin zakara ya yi cara nake jin matarsa tana daka gero. Rijiyar garin mai zurfi ce, sai an ja guga da jaki, mu kuwa kowa yana son wanka da ruwan ɗumi safe da yamma. Wasu 'yan'uwanmu mata suka ce tuwon gero yana ɓata musu ciki. Washegari sai ga shinkafa da mai. Akwai wata jar akuya da ke ɗaure a gindin bishiya, irin jajayen nan na Maradi, yaran gidan suna shan nononta. Ranar da shinkafa ta zo, turken kawai na gani. Ƙaramar 'yarsu ce ta gaya mini an kai ta kasuwa. Na ci shinkafar nan, har yau ina jin ta a maƙogwarona.

Mai bisharar ya roƙe mu kada mu kunna lasifika da dare, ya ce shekara shida ya yi yana gina zumunci da mai gari da liman, har suna kiransa in an yi haihuwa ko rasuwa. Shugabanmu ya ce ba mu zo mu ɓoye fitila a ƙarƙashin masaki ba. Aka tada janareta, aka kunna har sha ɗaya na dare. Da safe mai gari ya aiko a kira mai bisharar, shi kaɗai, mu ba a ko kalle mu ba. Ranar tafiya aka tsaya gaban masu bi su kusan ashirin aka yi alkawarin kwanon rufin majami'a kafin damina. Muka dawo Kano aka nuna hotuna ranar Lahadi, aka yi ta tafi, aka ce rayuka sun tuba.

Bayan shekara biyu na ga mai bisharar a barandar majami'armu, ya kawo matarsa asibiti, nan yake kwana a kan tabarma. Ya rungume ni yana dariya, ya tambayi kowa da sunansa. Da zan tafi ya ce, "Malam, ko akwai labarin kwanon nan? Mutanena suna tambayata." Ban iya ba shi amsa ba. Daga ranar na ajiye rigar mawaƙa.

Kafin ki ba da ko sisi, ki tambayi wa zai riƙe kuɗi, kuma wa zai ciyar da ku a can.

Maman Tagwaye:
Wayyo Allah. Hawaye nake yi. Amma ɗana, laifin mutum ɗaya ba zai sa ka bar yi wa Ubangiji waƙa ba.

Tsohon Ɗan Mawaƙa:
Mama, ba mutum ɗaya ba ne. Mu goma sha biyu muka ci akuyar.

Baba Mai Bishara Mai Ritaya:
'Ya'yana, na karanta duka. Labarin nan gaskiya ne, na ga irinsa. Amma kada a tsoratar da yarinya. Lokacin da aka kafa EMS, ƙungiyar masu bishara 'yan ƙasa, a 1948, iyayenmu da suka fita ba su da komai sai Littafi Mai Tsarki da fartanya, suna noma suna wa'azi. Turawan mishan na ƙungiyar SIM sun shiga Damagaram tun 1924, asibitin Galmi yana aiki tun 1950, ga na kutare a Danja kusa da Maradi. Ba daji za ku shiga ba, akwai ikkilisiya a can wadda ta girme ki. Ku je a matsayin baƙi masu koyo. Abin da faston can ya ce a yi, shi za a yi.

Injiniya Kabuga:
Baba, da girmamawa, zamaninku daban. An ƙona majami'u a Damagaram da Yamai a Janairun 2015. An yi juyin mulki ranar 26 ga Yuli 2023, aka rufe iyaka, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS ranar 29 ga Janairu 2025. Duk wanda rabonsa da hanyar nan tun kafin wannan, shawararsa ta tsufa.

Baba Mai Bishara Mai Ritaya:
Ɗana, kai yaushe ka je?

Injiniya Kabuga:
Ban je ba Baba, amma ina bin labarai kullum.

Direban Ƙofar Ruwa:
To ashe Injiniya ko Kazaure bai wuce ba, a rediyo yake ƙetare iyaka! Ni hanyar nan abincina ce. Ƙanwata, daga Kano sai Katsina, sai Jibiya, a ƙetare a Magama, sai Ɗan Isa, sai Maradi. In kun fita da asuba kuna isa da rana tsaka. Ƙa'ida ɗaya ce, tsakanin Katsina da Jibiya kada la'asar ta same ku a hanya, mamanki ba ta yi kuskure ba da ta damu. Kada ku manna wa mota babban allo mai sunan tafiya. Ni na sha ɗaukar fasinja da takardar ECOWAS sun wuce lafiya.

Hajara Mai Atamfa:
Ni kuwa a gabana aka sauke wata mata mai irin takardar bana, aka ce sai fasfo. Ki yi fasfo kawai ki huta, 50,000 ne.

Injiniya Kabuga:
Wannan tsohon farashi ne na Satumban 2024. Daga 1 ga Satumba 2025 mai shafi 32 na shekara biyar ya koma 100,000, mai shafi 64 na shekara goma 200,000. Kun ga amfanin rediyon.

Hajara Mai Atamfa:
Innalillahi. To ai kuɗin tafiyar ya kusa 300,000 ke nan.

Tsohon Ɗan Mawaƙa:
A ba faston can 300,000 sau tara a ga ko ba zai rufa majami'a uku ba.

Direban Ƙofar Ruwa:
Maganar sefa, ki canza a Wapa kafin ki tashi, kada ki jira bakin iyaka. Jaka ɗaya, wato sefa 1,000, satin da ya wuce na saya a kan 2,600. Ki nemi ƙananan takardu, a ƙauye babu mai ba ki canjin jaka goma. Kuma ki koyi lissafinsu, da dala suke ƙirga, dala ɗaya sefa biyar. In mai ƙosai ta ce dala ashirin, sefa 100 take nufi.

Tsohon Ɗan Mawaƙa:
Mu a 600 muka sayi jaka.

Hajara Mai Atamfa:
Ni an ce mini 2,800 jiya a Kantin Kwari.

Ɗan Nomansland:
Kuma in kika ji an kira malamin makaranta "mushe" kada ki toshe hanci, haka suke ce wa malami a can. Wani ɗan'uwanmu har ya tashi zai yi faɗa, wai an zage shi a gaban yara!

Maman Tagwaye:
Kai ɗan nan, ana maganar kirki kana ba mutane dariya.

Malamin Lafiya:
Kan magani, kada ki sa kwalayen nan a mota sai da takarda daga can. Lasisinki na Najeriya ne, ba ya ba ki ikon duba marar lafiya a wata ƙasa ke kaɗai. Faston ya haɗa ku da ma'aikacin ɗakin shan magani na yankin, ki yi aiki a ƙarƙashinsa. Kuma ki zazzage kwalayen ki duba kwanan wata ɗaya bayan ɗaya, mutane suna kawo baiko da ragowar maganin da ya kwana a durowa. Abin da ya fi damuna shi ne hawan jini. Za ki gwada tsohuwa ki ba ta ƙwaya ta kwana goma, in ta ƙare wa zai ba ta wata?

Matar Mai Bishara:
Ina ta karantawa na yi shiru, amma na kasa. Mijina yana aiki a wani ƙauye wajen Sumaila. Wata biyar ke nan ba a ba shi ɗan abin da ake ba shi ba. Babur ɗinsa ya lalace tun damina, da ƙafa yake zagaya ƙauyuka uku. Daga Sabon Gari zuwa wurinmu ba a bukatar fasfo ko sefa. Shekara huɗu babu wanda ya zo daga birni ya kwana ko dare ɗaya. Amma in aka ce ƙasar waje, nan da nan mutum tara sun samu.

Baba Mai Bishara Mai Ritaya:
'Yata, kin taɓa inda yake mini ciwo. Ni ma da na yi ritaya, sai da na yi ta sintiri kafin a ba ni haƙƙina.

Injiniya Kabuga:
Ina baikon Lahadin bishara yake tafiya? Duk shekara ana karɓa, ban taɓa jin an karanta lissafinsa a gaban jama'a ba.

Wani Dattijon Ikkilisiya:
A yi hattara da harshe. Ana karanta lissafi a taron shekara, ku matasa ne ba kwa zama, da an ce albarka kun kama ƙofa.

Injiniya Kabuga:
Baba, ana karantawa da Turanci a sujada ta farko. Mu na sashen Hausa sai dai a ce mana an gode.

Nas 'Yar Badawa:
Na gode muku duka. Yaya Tsohon Ɗan Mawaƙa, na karanta wa mahaifiyata labarinka, ta ce in tambayi kwamiti wa zai riƙe jaka, kuma zan tambaya. Amma har yanzu ban gane ba, takardar ECOWAS ko fasfo? Lahadi ta kusa.

Direban Ƙofar Ruwa:
Zan shiga jibi, in na dawo zan faɗa miki abin da na gani.

Matar Mai Bishara:
Baba Dattijo, ni ban zo taron shekara ba don ba ni da kuɗin mota daga Sumaila. In an karanta lissafin, a taimaka a duba mini ko sunan mijina yana ciki, da watannin da aka rubuta an biya shi.