Waifai cike amma kira yana tsinkewa a cikin sito, ina mafita?

Ɗan Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin harkar intanet ku taimaka min. Ina kula da siton kayan mota na kawuna a Suame Magazine nan Kumasi, doguwar rumfa ce rufin kwano, bangon ma rabinsa kwano ne, ciki kuma kantoci ne na ƙarfe layi layi an jibge injina da giyabos da ƙofofin mota har kusan sama. Sabis baya shiga ciki sosai shi yasa muka ja intanet muka ɗaure rauta, na'urar da ke watsa waifai, can jikin rufi a tsakiya don yara su riƙa kiran kwastoma ta WhatsApp. Abin mamaki sandunan waifai a waya cike suke fal, bidiyo ma yana buɗewa, amma da ka fara kira sai murya ta riƙa gutsurewa kamar mai magana cikin randa, in ka nufi layin baya kuwa shikenan kira ya mutu. Jiya wani daga Tamale sau uku yana karanto min lambar kaya ban ji ba har ya yi fushi ya kashe. Kawu ya ce in sayo rautar da ta fi ƙarfi, in saya ne?

Na Mamobi:
Wa alaikassalam. Massa sayi ripita mai maimaita siginal kawai ka maƙala a baya, ni ita nasa a gidanmu har ɗakin tsohuwa yana kaiwa.

Mai Kebul Asawase:
Na Mamobi gidanku bulo ne, shi nasa ƙarfe ne ko ta ina, ba ɗaya bane. Ripita a wurin nan ƙara masa ciwon kai za ta yi, don a tasha ɗaya take saurare kuma take maimaitawa, gudun ya ragu kusan rabi ga jinkiri.

Ɗan Aboabo ƙanina, matsalarka ba rashin ƙarfi bane. Ka taɓa jin lasifika biyu uku na masallatai suna kiran salla lokaci ɗaya, ƙara ta cika kunne amma ka kasa tsintar kalma? To haka wayarka take ji. Siginal in ya daki kwano baya ratsawa, dawowa yake, sai saƙo ɗaya ya iso ta hanyoyi da yawa wani ya riga wani, a wani gurbin su haɗu su ƙarfafa juna a wani su kashe juna. Waifai yana aiki ne a mitar 2.4 GHz ko ta 5 GHz, a 2.4 tsawon zangon igiyar kusan santimita 12 ne kawai, shi yasa taku ɗaya ma yana canza komai. Bidiyo baya nuna maka don yana tara na gaba ya ajiye, murya kuwa ba ta da wannan gatan, in jinkiri ya haura wajen milisakan 150 ko ƙunshin saƙo ya fara zubewa fiye da kashi 1 cikin 100 kunne zai ji.

Abu na farko sauko da rautar nan daga jikin kwano, mafi munin wuri kenan ka zaɓa wallahi. Maimakon babba ɗaya sa ƙanana biyu ko uku, kowace da kebul ɗinta, a bakin layukan tana kallon cikin lungu, kuma ka rage musu ƙarfi, don in rauta tana ihu waya na jinta amma ita wayar muryarta ƙarama ce ba ta iya mayar da amsa. Suna ɗaya da lambar sirri ɗaya za ka basu. Tashoshi kuwa a 2.4 guda uku ne basa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, in wayoyin yaran suna kama mitar 5 GHz to tura su can. Ka duba cikin saitin rauta akwai WMM a kunne, shi ke ba murya gaba, in kuma akwai 802.11r kunna shi don kada kira ya faɗi lokacin da kake wucewa daga wannan zuwa waccan. Af, rautar taku tsohuwa ce? Daga samfurin waifai 802.11n na 2009 zuwa sama masu eriya da yawa suna ma cin moriyar wannan dawowar siginal ɗin, tsofaffin ne take kashewa.

Ɗan Aboabo:
Kai Yaya Allah ya saka. Eriya ɗaya gareta, tun wani shago aka ɗauko ta. Amma layin baya babu soket, ga dumso kuma, wato yawan ɗauke wuta.

Mai Kebul Asawase:
To ka ga ɓarawon, eriya ɗayan nan ce. Nemi masu cin wuta ta cikin kebul, PoE ake ce musu, kebul ɗaya ya kai mita 100, sai ka sa UPS guda, batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, a ofis ya riƙe su duka. Kafin ka huda ko ina sa manhajar auna waifai a waya ka zaga kana kira, ko wane lungu ƙarfin siginal kada ya gaza -67 dBm, wato -60 ya yi amma -70 bai yi ba, kuma ka auna ranar da kaya suka cika sito ba ranar da kantoci suke wayam ba.

Na Mamobi:
To ni dai tawa tana aiki. Amma Mai Kebul nawa ne mita ɗin kebul ɗin yanzu a Adum?