Wa aka taɓa sa wa batirin zuciya mai waya uku? Ku ba mu labari

Autar Baba:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifinmu ya daɗe yana fama da raunin zuciya. Magani yana shansa yadda aka ce, amma ko banɗaki zai je sai ya tsaya ya huta, da dare kuma a zaune yake kwana saboda numfashi. Likita ya ce zuciyarsa ba ta turo jinin da ya wuce kashi 25 cikin 100 na wanda ke cikinta a kowane bugu, ɓangarorinta kuma ba sa matsawa tare, don haka a sa masa na'urar CRT, wato batirin zuciya mai waya uku. Baba ya tsorata, mu ma haka. Don Allah wanda ya san abin a jikinsa ko a jikin nasa, ya yi mana bayani.

Dattijo Mai Batir:
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba shi lafiya. Ki fara gaya masa ba a tsaga ƙirji, don ni abin da ya hana ni barci kenan kafin a yi min. Allurar kashe zafi aka yi min a gefen hagu, ƙasa da ƙashin kafaɗa, aka ɗan yanka fatar. Ina jin maganar likitoci sama-sama. Ta cikin jijiya suka zura wayoyi uku suna kallon hoto: biyu a ɓangaren dama na zuciya, sama da ƙasa, ta ukun kuma ta bi wata jijiya da ke zagaye bayan zuciya har ta kai gefen hagu. Wannan ta ukun ce mai wuyar shiga, ita ke cin lokaci. Likitana ya ce in ɗauka mutum biyu ne za su ɗaga kaya mai nauyi, ɗaya ya yunƙura kafin ɗayan. Aikin na'urar ta sa su yunƙura tare.

Sauƙin kuma a hankali ya zo. Na taso daga asibiti ina jiran in ji na zama sabo, sai na ji shiru. Bayan 'yan watanni ne matata ta lura na daina tara matashi a bayana, ina kwanciya a miƙe har gari ya waye. Takalmin da kumburi ya raba ni da shi ya koma ƙafata. Ni ban ma ankara ba sai da ta faɗa.

Uwar Biyu:
Ƙanwata, ni abin da ya firgita ni shaƙuwa ce. Da na kwanta ta gefen hagu sai in ji ƙasan haƙarƙarina yana zillo, daidai da kowane bugun zuciya. Na zaci na'urar ce ta lalace. Ashe wayar hagun ce ta matsu kusa da jijiyar da ke motsa tantanin numfashi. Ba a sake yanka ni ba. An ɗora wani abu a kan fatar, aka sauya saitin a kwamfuta, ina kwance ina jin zillon ya tsaya. In Baba ya ji irin haka, kada ku zauna da shi a gida kuna haƙuri. A makonnin farko kuma ku hana shi ɗaga hannun wannan gefen sama da kafaɗa ko ɗaukar kaya, don wayoyin su samu su kama. Amma kada ya daskare hannun gaba ɗaya, kafaɗa za ta sandare.

Ɗan'uwan Majinyaci:
Ba na son in karya wa kowa gwiwa, amma ya kamata a ji wannan ɓangaren ma. An sa wa yayana, muka jira, canjin bai taka kara ya karya ba. Shi jijiyar jinin zuciyarsa ta taɓa toshewa shekarun baya, abin ya bar masa tabo babba a naman zuciyar, kuma naman da ya mutu ba ya amsa wuta. Likitan bai ɓoye mana ba tun farko, ya ce kusan mutum ɗaya cikin uku ba ya samun sauƙin da ake fata. Da aka duba na'urar daga baya, sai aka ga wani abu kuma: zuciyarsa na yin bugun da ba tsari, tana riga na'urar, ana ta asarar aikinta. Da aka shawo kan wannan, hakin ya ɗan ragu. Don haka duk zuwan da za ku yi, ku tambayi kashi nawa cikin 100 na bugun na'urar ke jagoranta. Ana son ya kusa 100.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ina aiki a sashen zuciya, na ga masu ita da yawa. 'Yar'uwa, ki nemi a nuna miki takardar ECG ta Baba, wato zanen da na'urar awo ke fitarwa na bugun zuciyarsa. Abin da ake dubawa shi ne faɗin layin da ake kira QRS, wanda ke nuna tsawon lokacin da wutar zuciya ke ɗauka kafin ta ratsa ɓangarorinta na ƙasa. A lafiyayyen mutum bai kai milisakan 120 ba (milisakan 1000 ne daƙiƙa ɗaya). Waɗanda suka fi cin moriyar na'urar su ne masu 150 zuwa sama, tare da toshewar hanyar wutar zuciya ta hagu, wadda ake rubuta wa LBBB, kuma ƙarfin turo jininsu bai wuce kashi 35 ba duk da sun yi aƙalla wata uku a kan cikakken magani. Wanda layinsa bai kai 130 ba, ba a ba shi shawarar ta, don tana iya cutar da shi. Ga waɗanda suka dace kuwa, wani babban bincike da aka yi a Turai, CARE-HF, wanda ya fito a 2005, ya nuna ta rage mace-mace da kusan kashi 36 cikin 100. Ku kuma tambaya wace iri za a sa: akwai CRT-P mai daidaita bugu kawai, akwai CRT-D da ke iya ba zuciya girgizar lantarki idan ta shiga bugu mai haɗari.

Abin da ke ci min rai shi ne wanda ya ji sauƙi ya ajiye magani. Na ga irinsu sun dawo mana ƙafa a kumbure, huhu cike da ruwa. Na'urar tare da magani take aiki.

Dattijo Mai Batir:
Gaskiyar malama ce. Ni kullum da safe sai na hau sikeli. An ce min in na ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ne ke taruwa, in kira asibiti. Wayar salula kuma ba na sa ta a aljihun gaban riga, da kunnen dama nake amsa kira, katin na'urar yana tare da ni duk inda zan je. Wurin ɗinkin ma ku riƙa dubawa. In ya yi ja, ko ya kumbura, ko yana ruwa, ko zazzaɓi ya biyo baya, a ranar za ku koma, kada a matsa shi ko a shafa masa komai.