An tura ni aiki Sabuwar Busa, yaya garin yake?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. An yi mini canjin wurin aiki zuwa Sabuwar Busa a Jihar Neja, kuma da iyalina zan tafi. Yara sun ji an ce akwai tafki, sai murna suke yi. Shin garin a bakin ruwa yake? Ina mutum zai kai iyali su sha iska?

Wani malamin makaranta: Wa'alaikumus salam. Malam, ka rage wa yaran buri tun daga gida: garin ba a bakin ruwa yake ba, sai an hau mota kafin a kai madatsar Kainji. Da aka gama madatsar a 1968, ruwa ya cinye tsohuwar Busa, shi ne gwamnati ta tsara wannan ta kwaso mutane, har da fadar Sarkin Borgu. Shi ya sa za ka tarar da unguwanni a yanke, ba lungu-lungu irin na tsofaffin birane ba. Garin ma'aikata ne: masu binciken kifi, kwalejin kula da namun daji, sojan sama. In ka dace da bikin Gani, yara za su ga hawa.

Wata Hajiya daga Yawuri: Ɗana, tafkin nan ya haura kilomita 100, har mu nan Kebbi ya iso. Kifi kam sai kun ture, daga giwan ruwa har tarwaɗa. Amma don Allah kada ka sa yara a kwalekwale ba rigar kariya, kada ku shiga wanda aka maƙare da buhuna, kada ku yarda magariba ta same ku a kan ruwa. Akwai kututturan itatuwa a ƙasa tun lokacin da ruwa ya malale dazukan. Ba mu manta da jirgin da ya nitse kusa da Wara a 2021 ba.

Mai tambaya: Allah ya jiƙan su, Hajiya. Gandun namun daji na Kainji fa? Na ji ana ganin dorina a kogin Oli.

Malamin makaranta: A da, can ne wurin zuwa, ta garin Wawa ake shiga. Yanzu dajin yana da matsalar tsaro. Kada ka kama hanya sai ka tambayi ma'aikatan gandun a cikin gari, in suka ce a dakata, ka dakata.