Neman kalma: tazarar da ke tsakanin ruwa, wuta da wurin ajiya a kicin

Salamu alaikum jama'a. Masu Hausa a baki ku matso, kalma nake nema.

Wata biyu ke nan da tarewarmu a wani gidan haya a Badariya, nan Birnin Kebbi. Gidan ba laifi. Kicin ɗin ne dai kamar sai da aka gama gini aka tuna da shi: tsawo ƙafa 8, faɗi ƙafa 7, ƙofa ɗaya, 'yar taga ɗaya, sai sinki da aka kafe da siminti a ƙarƙashin tagar. Mai gidan ya ce in gyara yadda nake so, amma kada a fasa bango, kada a taɓa bututun da ke fitar da ruwa. Duk abin da aka kama da siminti kuma ya zama na gida, ranar tashi ba zai bi mu ba.

Ƙanena da ke karatun zanen gine-gine ya zo da tef ya auna, ya zana a takarda. Sai ya ja layi uku, ya haɗa sinki da mazaunin gas da firji, ya ce, "Yaya, wannan shi ake kira work triangle. Shi za ki fara daidaitawa kafin ki sayi ko ƙusa ɗaya." Na gane nufinsa sarai. To amma ran Asabar kafinta zai zo, dattijo ne sa'an babanmu, ba zan tsaya ina yi masa Turanci ba. Da wace kalma zan faɗa masa?

Ga abin da kalmar ta ƙunsa, don kada a yi ta harbi a duhu. Mai girki tsakanin wuri uku take yini: inda take ɗauko kaya, inda take wankewa, inda take dafawa. A shekarun 1940 masu binciken gine-gine a Jami'ar Illinois ta Amurka suka sa wa abin ƙa'ida, kuma yadda ake koyar da ita yau shi ne: daga kowane ɗaya zuwa ɗan'uwansa kada ya gaza ƙafa 4, kada ya wuce ƙafa 9, jimillar ukun ta tsaya tsakanin ƙafa 13 da 26, sannan kada hanyar wucewar mutane ta ratsa tsakiya. Tun kafin su, a 1926, wata mai zanen gini 'yar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta auna kai-komon masu girki, ta tsara wa gidajen ma'aikata na birnin Frankfurt a Jamus kicin mai faɗin mita 1.9 da tsawon mita 3.4. An gina kusan 10,000 irinsa. Da na ji haka sai na ɗan sami sanyi, ashe nawa ma ya fi nasu faɗi.

Amsoshi sun fara shigowa, madalla. Wanda ya ce "kusurwa ukun aiki", Malam, na gode, amma wannan Turanci ne aka sa wa hula. Wane aiki? Ɗinki ma aiki ne.

Wata malamar firamare daga Argungu ta kawo "alwatikar girki", ta ce alwatika ita ce kalmar da ake koya wa yara a darasin lissafi, babu dalilin barin tamu a je aro. Wannan ta shiga raina. Gajera ce, tana da daɗin faɗi, kuma duk wanda ya kalli zanen ƙanena zai ga alwatikar da idonsa. Na riƙe ta tukuna.

Wanda kuma ya ce a kira shi "shiga uku" tunda mace tsakanin abu uku take shiga, Allah ya shirye ka. Dariya ta sa har miya ta kusa kamawa.

Na kira Inna na karanta mata. Ta ce, "Mi kuka biɗa? Ai duwatsun murhu na. In sun yi nisa tukunya ta hwaɗa, in sun matsu icce bai shiga." Wallahi na yi shiru. Abin da Turawa suka faɗa da ƙafa 4 da ƙafa 9, shi ta faɗa a numfashi ɗaya, kuma ita ba ta taɓa riƙe tef ba. A wajen bayani babu wanda ya kai wannan. Sai dai a matsayin suna yana da matsala: murhu kansa ɗaya ne cikin ukun, za a rikice. Na gwada juya shi zuwa "duwatsun kicin", ƙanena ya ce ina faɗa wa ma'aikaci haka zai kawo mini kuɗin dutsen nan mai sheƙi da ake shimfiɗawa a kan kabad. Gaskiyarsa.

Yanzu ga inda alwatika ta fara ba ni wahala. Da dare na ɗauki alli na zana komai a ƙasan kicin ɗin da girmansa na gaske. Teburin girki zurfinsa ƙafa 2 ne, in ya bi bangon ƙafa 8 saura ƙafa 5. In aka sa firji a bangon da ke fuskantarsa, shi ma ya ci kusan ƙafa 2, saura 3 kacal, alhali ana son mai girki ta sami kamar ƙafa 3 da rabi ta juyawa. Buɗe ƙofar firji ma sai an ja da baya. Ga shi ba a son ya maƙale da wuta, balle a zafin Afrilu na garin nan da ya fi maki 40. Don haka firji ya fita, ya koma lungun da ke bakin ƙofar kicin ta waje. Kusurwa ɗaya ta tafi ke nan.

Kuma mu faɗi gaskiya, a gidajenmu firji ba shi ne rumbu ba. Rabin yini ba wuta. Abin da nake kai wa hannu sau goma shi ne buhun shinkafa, kwandon albasar Aliero, jarkar manja, busasshen kifi, daddawa. Sinki ma sunansa sinki, famfon ba kullum yake kawowa ba. Ruwan yana cikin durom, durom kuwa dole ya zauna kusa da ƙofa don mai ruwa ya juye jarkokinsa ba tare da ya kutsa ciki ba. Ga turmi. Ga murhun gawayi a tsakar gida, ranar da gas ya ƙare ko za a tuƙa tuwon mutane da yawa. In ka haɗa waɗannan da layi, ba alwatika za ka gani ba, sai dai sawun kaza. Wasu gidajen hayar ma komai a jikin bango ɗaya yake jere, layi ne miƙaƙƙe.

Shi ya sa shawarar wata Hajiya daga Gusau ta fi kama ni. Ta ce ita "taku" take cewa: in ta shiga kicin ɗin amarya, takun take dubawa, daga ruwa zuwa wuta taku nawa. "Takun girki" ke nan. Alwatika siffa ce da ake gani a takarda. Taku shi ne abin da ƙafa take ji. Yana ƙirguwa, dattawa da shi suke auna fili tun da, kuma bai damu ko wuraren uku ne ko biyar ba.

Wani ya ce taku yana nufin salon tafiya, za a ɗauka yanga ake nufi. Wani ya ce yana tuna masa takun saƙa. Wannan kam tsakanina da mai gidan hayar ne, ranar da zai ga na rataya katako a bangonsa. Amma in an ce "na girki" ai an rufe ƙofar ruɗani.

Na gwada su a baki, don kalmar da ba ta shiga jimla ba ta da amfani. "Baba, wannan tsarin ya ɓata alwatikar girki." "Baba, a wannan tsarin takun girki ya yi nisa." Na kira kafintan na faɗa masa ta biyun a waya. Bai tambaye ni ma'ana ba. Cewa ya yi, "To Hajiya, a matso da mazaunin gas kusa da sinki, a bar ƙafa 2 tsakani na yanka albasa." Ya ƙara da cewa ba zai rufe tukunyar gas cikin kabad ba, zai bar gefen a buɗe, don in ta yi yoyo ƙasa gas yake kwanciya, ya fi iska nauyi.

To ni dai na tsaya a nan: takun girki a baki da wurin aiki, alwatikar girki ga masu zane in wuraren uku ne cif. Malama ta Argungu, ban yar da taki ba.

Teburin zai zama na ƙafafun ƙarfe daga wurin mai walda, tsayi ƙafa 3, ba siminti, don ya bi mu ranar tashi, kuma ruwan wanke-wanke kada ya kumbura katakon. Saura abu ɗaya: tayil ɗin nan da ake mannawa a bango bayan wuta don kada mai da miya su ɓata fenti. Mai gidan hayar bai yarda a manna ba, faranti na alminiyam za mu jingina. Shi kuma me za mu kira shi? Inna ta ce "makari".