Hilux ko L200? A ba ni shawara kafin in zuba kuɗina

Ɗan Pitoa:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin mota ku taimaka min. Ina harkar hatsi da gyaɗa ne tsakanin Garwa, Gider da ƙauyukan wajen Tuboro, kuɗin hayar mota ya ishe ni shi ya sa nake so in sayi a-kori-kura tawa ta kaina, okaziyo ba sabuwa ba. An nuna min guda biyu, Hilux Vigo da Mitsubishi L200, duka masu ƙofa huɗu, duka katkat, wato masu ja da taya huɗu, masu shan gazuwal (man dizal), kusan shekarunsu ɗaya amma L200 ɗin ta fi araha sosai kuma a ido ma ta fi tsabta. Matsalar ita ce duk wanda na tambaya a gida cewa yake Toyota kawai, yayana har ya ce in na kawo wata mota ba Toyota ba kar in neme shi ran da ta tsaya, amma ba wanda ya faɗa min dalili. Shin da gaske Toyota ta fi su ƙarfi ne ko dai sabo ne kawai da gado?

Makanike na Marwa:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ni aikina ke nan, hannuna kullum cikin baƙin mai yake, bari in faɗa maka abin da na gani. L200 ba motar banza ba ce ko kaɗan, tun 1978 ake ƙera ta, injinta 4D56 mai lita 2.5 ya daɗe a duniya kuma yana da juriya in dai ana kula da shi. Haka Isuzu D-Max, haka Nissan Hardbody. Wanda ya ce maka ƙarfen Toyota daga sama aka sauko da shi bai san mota ba.

Inda Toyota ta sha gabansu a ƙasarmu kayan gyara ne da hannun da ya san ta. Yau in ka tsaya a Figil ko Kayele da Hilux, kafin la'asar za ka samu abin da kake nema, sabo ko na jiki, in babu a nan akwai a Garwa, in babu a Garwa ɗan acaɓa zai shigo maka da shi daga Mubi ko Yola. Wata motar kuwa ƙaramin abu zai lalace ka kira Duwala, Duwala su ce sai an turo daga Dubai, motarka na kwance a garaji kaka tana wucewa, kai kuma abin da kake nema a shekara cikin watannin nan yake. Yayanka abin da yake nufi ke nan ko da bai iya yi maka bayani ba.

Amma ka kula, Hilux ma ba ɗaya ba ce. Vigo da aka yi daga 2004 zuwa 2015 akwai mai inji 5L-E lita 3.0 marar turbo, akwai kuma mai 2KD wadda aka rubuta D-4D a jikinta. Ta farkon ba ta da gudu, a hawan dutsen Ngaundare da kaya za ka ji tana nishi, amma tana haƙuri da man da muke samu a ƙauye. D-4D ta fi ƙarfi ta fi tsimin mai, sai dai injektocinta, masu fesa mai cikin inji, ba sa son datti ko ruwa ko ɗigo, kuma guda huɗun in suka tafi kuɗinsu ba wasa ba ne. Su L200 na shekarun nan masu DI-D ma haka tsarinsu yake. To kai da za ka riƙa shan mai a jarka a bakin hanya wannan ya fi muhimmanci a kan sunan da ke gaban mota. Ka duba min wane inji ne a cikin kowacce tukuna. Ka tambayi ran da aka canja bel ɗin tayimin, na 2KD a kilomita 150,000 ake canjawa, in mai motar ya fara kame-kame ka sa kuɗin bel cikin lissafinka.

Baba na Njamena:
Yaro ka yi tambaya mai kyau. Mu nan Cadi soyayyar Toyota tana da tarihi, ba a kasuwa kaɗai ta fara ba. A 1987 sojojin Cadi da waɗannan motocin suka tunkari tankokin Libiya, a garin Fada a watan Janairu, a Wadi Dum a watan Maris, ƙarƙashin Hassan Djamous zamanin Hissène Habré, har duniya ta sa wa yaƙin suna yaƙin Toyota. Duk wanda ya girma yana jin labarin nan ba za ka zo da takardar talla ka canja masa ra'ayi ba. Har yau wanda zai nufi Faya ko Abeche Land Cruiser 79 yake nema, mai inji 1HZ silinda shida lita 4.2, ba turbo, ba kwamfutar da za ta rikita ka a cikin yashi.

Sai dai in gaya maka gaskiya, kafin Toyota ta mamaye hanya Peugeot 504 mai tampol ce sarauniya, wadda ake haɗawa a Kaduna a lokacin, mutane sun yi rantsuwa da ita kamar yadda kuke yi da Hilux yanzu. Da kayanta suka yi wuya kowa ya watse. Kuma farin jinin nan yana da nasa haɗarin, motar da kowa ke so ita masu tare hanya ke so, ka sa wannan a ranka in za ka riƙa shiga daji da dare.

Hajiyar Albasa:
Ni dai ƙanena L200 gare ni, da ita nake ɗauko albasa daga gonaki zuwa Marwa da Kusiri, kuma wallahi ban ga abin da ta rage ni da shi ba. Hanyar Mora zuwa Dabanga kowa ya san halinta, motata ta bi ta ta dawo lafiya. Abin da na yi shi ne na samu makanike ɗaya da ya san ta na riƙe shi, filta da bel da faifan birki kuma ina saye in ajiye tun kafin buƙata ta taso. Kuɗin da ya rage min da ban sayi Toyota ba shi na ƙara a jari. Yana ɓata min rai yadda maza ke zama a majalisa suna kushe motar da ba su taɓa riƙe sitiyarinta ba. Abu ɗaya da zan yarda da shi, ranar sayarwa mai Hilux ya fi ni samun mai saye da wuri kuma kuɗinsa ba ya faɗuwa kamar nawa. Ni ban saye ta don in sayar ba shi ya sa bai dame ni ba.

Kuma dan Allah ko wacce ka saya kar ka yi mata lodin mugunta. Motocin nan wajen tan ɗaya aka yi su ɗauka, buhun masara goma ke nan, amma sai ka ga an jibga ashirin an ƙara sifirin an ɗora mutane a sama, shasi ya tsage a zo ana zagin kamfani.

Direban Kusiri:
Hajiya ki yi haƙuri amma ni ko a mafarki Toyota. Ubangidana na farko Toyota, wanda na koyi tuƙi a hannunsa Toyota, in na ji ƙarar injinta na san abin da ke damunta kafin in buɗe bonet. Da damina a laka ta wajen Waza ba na son motar da zan tsaya ina tunanin halinta. Alhaji ka ƙara kuɗi ka ɗauki Hilux ka huta.

Ɗan Pitoa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maigida makanike na kira masu motocin yanzu, Hilux ɗin D-4D ce ba 5L ba, L200 ɗin kuma DI-D, ke nan ta fuskar mai duk ɗaya ne. Hajiya maganar lodin da kika yi ta sa ni tunani a kan ƙofa huɗun nan, tunda buhu zan ɗauka ba iyali ba ƙila mai ƙofa biyu ta fi min, bayanta ya fi tsawo.

Makanike na Marwa:
To tunda haka ne kar ka yi gaggawa, ka sa a nemo maka mai ƙofa biyu da inji 5L, akwai su wajen ƙungiyoyin agaji da kamfanoni in suna sayar da tsofaffinsu. In ba a samu ba kuma L200 ɗin ta kwanta maka, ka fara zagaya shagunan kayan gyara na Garwa ka tambayi injekta, kulochi da famfon mai nata, ka ji akwai ko babu da farashinsu. Ranar gwaji ka je da sassafe inji na sanyi a tayar a gabanka ka ga kalar hayaƙin, ka shiga ƙarƙashi da tocila ka duba shasi ko an taɓa walda, ka sa katkat ka gani ko yana shiga, sannan lambar shasi ta yi daidai da ta kart giriz, wato takardar rajistar mota, da takardar duwan (kwastan) kafin ka ba da ko sisi.