Taimako: sunayen ɗalibai duk sun hito da manyan baƙaƙe a Excel

Malamin aji shida, Gusau:
Salamu alaikum 'yan uwa. Hedimasta ya ba ni lis ɗin yaran da za su rubuta jarabawar shiga sakandare, su 312, yaron da ya buga su a shago duk da manyan baƙaƙe ya yi, kamar ana yi ma mutum tsawa, yanzu ofis sun ce harafin farko kaɗai suke so babba. A Word na san Shift da F3 nike dannawa ya juye, na gwada a Excel sai wani akwatin fomula ya buɗe min. Tun azahar nike gogewa ina sake bugawa ɗaya ɗaya, ko 40 ban kai ba, ga wuta babu, laftof na ta kukan caji. Jibi za a kai. Mi za ni yi don Allah?

Mai shagon kwamfuta, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam malam. Aje wahalar nan haka. Excel ba shi da wancan maɓallin na Word, fomula aka sa mishi. In sunayen na layin A, daga A2, shiga B2 ka rubuta =PROPER(A2) ka danna Enter. Sai ka kai linzami kan ɗan ɗigon da ke kusurwar gidan ta ƙasa ka danna sau biyu, zai sauka har ƙarshen lis da kanshi. UPPER na maida su manya duka, LOWER ƙanana. In masu bugun sun zuba tazara barkatai, kuma wallahi suna yi, sa =PROPER(TRIM(A2)).

Malamin aji shida, Gusau:
Allah shi saka da alheri, ya yi! Amma na ɗebo ruwan dafa kaina, na cire layin A gaba ɗaya don na ga ban buƙatarshi sai komi ya koma #REF! har gabana ya faɗi. Ctrl+Z ta cece ni. Kuma Sa'adu ya hito Sa'Adu, Mu'azu ya zama Mu'Azu, ko ni na yi kuskure?

Malama daga Ƙaura Namoda:
Ba laifinka ba ne malam, halin PROPER ke nan, duk harafin da ya biyo bayan alamar da ba harafi ba sai ta ɗaga shi, ba ruwanta da sunayenmu. Bara ya hwaru da ni, sai da anka buga takardu sannan wata uwa ta zo tana tambaya wa ya maida ɗiyarta Shafa'Atu, kunya kamar in nutse. Ka fara kwafe layin B, ka danna dama, Paste Special, ka zaɓi Values, nan ya zama rubutu zalla, A ta tafi inda za ta. Sannan Ctrl+H ka maida 'A ta koma 'a, ka yi ma 'I da 'U haka saboda su Isma'il da Sa'udatu. Ni dai na fi son Ctrl+E, ka buga na farko da hannu yadda kake so ya kwaikwayi sauran, amma sai Excel 2013 zuwa sama, kuma ka bi su da ido.

Ɗan Argungu:
To mu masu waya fa? Google Sheets nike aiki da shi.

Mai shagon kwamfuta, Birnin Kebbi:
Fomulolin nan duk suna ci a can, jawo su ƙasa da yatsa ne aikin. Malam kai kuma ka yi sebin tun kan laftof ɗin nan ya mutu.